Ra'ayinmu: Cin Rani Daga Zaune

'Yan'uwa ɗalibai da sauran masu karanta wannan mujalla, a fitowar nan mun ga ya dace mu ɗaga kai daga harkokin harabar jami'a, mu leƙa wata ƙasa mai nisa a kudu maso gabashin Asiya, watau Filifin, saboda wata muhawara da ake yi a can wadda bai kamata ta wuce mu ba. Muhawarar kuwa ita ce, shin aikin da mutum zai yi wa baƙo ta intanet yana zaune a ɗakinsa ya isa ya maye gurbin fita ƙasashen waje neman abinci? Da wuya a sami ƙasar da ta gwada hanyoyin nan biyu kamar yadda Filifin ta gwada su, don haka mai son sanin inda kowaccensu take kai mutum, can ya kamata ya duba. Mutanen ƙasar kuma ba baƙi ba ne gare mu. Da yawa daga cikin iyayenmu da malamanmu a hannun malamai 'yan Filifin suka koyi lissafi da kimiyya a makarantun sakandare na Arewa a shekarun 1970 da 1980, lokacin da arzikin man fetur ya mai da ƙasarmu wurin da ake zuwa cin rani.

Filifin tarin tsibirai ce fiye da 7,000, masu ɗauke da mutane sama da miliyan 110. Turawan Sifen sun mallake ta fiye da shekara 300, sa'an nan Amurka ta karɓe ta daga hannunsu a 1898, ba ta kuwa sake ta ba sai 1946. Amurkawa ba su ɓata lokaci ba wajen dasa harshensu. A 1901 suka yi jigilar malamai wajen 500 a jirgin ruwa guda, suka watsa su cikin larduna, aka mai da Ingilishi harshen makaranta. A 1906 kuma aka fara kwasar leburori zuwa gonakin rake na Hawai. Ta haka mulkin mallaka ya bar wa ƙasar gado iri biyu, watau harshen Ingilishi da sabo da yi wa wani aiki, kuma duk abin da za mu faɗa nan gaba a kan waɗannan biyu ya ginu.

A 1974 ne gwamnati ta mai da cin rani manufar ƙasa. Farashin man fetur ya yi tashin gwauron zabo a 1973, ƙasashen Larabawa suka shiga gine-gine ba ji ba gani suna neman hannuwa, alhali a Manila rashin aiki da ƙarancin kuɗin waje sun addabi gwamnatin Shugaba Ferdinand Marcos. Sai aka kafa dokar ƙwadago wadda ta ɗora wa hukuma kanta aikin nema wa 'yan ƙasa aiki a waje. An ce musu dabara ce ta ɗan lokaci, kafin tattalin arziki ya miƙe. A 1975 mutum wajen 36,000 suka fita. A 2006 adadin masu fita a shekara ya haura miliyan 1, a 2019 ya wuce miliyan 2. Kuɗin da suka aiko gida a 2024 ya kai dala biliyan 38, watau wajen kashi 8 cikin 100 na duk abin da ƙasar ta samar a shekarar. Dabarar ɗan lokaci ta cika shekara 50, ta zama ginshiƙin da in an zare shi ɗakin zai rufta. Ba mamaki da a 1988 Shugaba Corazon Aquino ta tsaya gaban 'yan aikin gida a Hong Kong ta kira su sababbin jarumawan ƙasa.

To, amma kirarin jarumta ba ya biyan abin da aka rasa. A watan Maris na 1995 aka rataye Flor Contemplacion, wata 'yar aikin gida, a Singafo bisa laifin kisan kai, alhali jama'ar Filifin da yawa sun gaskata cewa ba ta sami adalci ba. Fushin da ya biyo baya shi ya tilasta kafa dokar kare ma'aikatan ƙetare a watan Yuni na shekarar. A Fabrairun 2018 aka tsinci gawar wata 'yar aikin, Joanna Demafelis, cikin firji a wani gida da aka ƙaurace wa a Kuwait, har Shugaba Rodrigo Duterte ya dakatar da aika ma'aikata can na ɗan lokaci. Waɗannan su ne waɗanda duniya ta ji labarinsu. A bayansu akwai ɗimbin waɗanda ubangida ya riƙe musu fasfo, da waɗanda suka jinginar da gona don biyan dillalin aiki, da matan da ke shimfiɗa kwali a gefen titunan Hong Kong kowace Lahadi domin ba su da ɗakin kansu da za su huta a ranar hutu. Akwai kuma yaran da kakanni ke reno, waɗanda uwarsu ke can tana goyon 'ya'yan wasu, ba ta ganin nata sai bayan shekara biyu in kwangila ta ƙare. Ƙasar kanta ba ta tsira ba, domin a 2020 da annobar korona ta sauka, sai da gwamnati ta hana ma'aikatan jinya fita, daga baya ta ƙayyade 5,000 a shekara, saboda ƙasar da ta cika asibitocin duniya da nas-nas ta rasa masu kula da nata majinyatan.

Hanya ta biyu ta fara ɓullowa ne a shekarun 1990, lokacin da kamfanonin Amurka suka gane cewa maimakon a kai ma'aikaci wurin aiki, ana iya kai aikin wurin ma'aikaci ta waya. Wata doka ta 1995 ta ba irin waɗannan kamfanoni rangwamen haraji, cibiyoyin amsa kiran waya suka yawaita a Manila da Sebu, har a wajen 2010 Filifin ta sha gaban Indiya a wannan sana'a. A 2024 sana'ar, haɗe da danginta irin su lissafin kuɗi da tsara manhajar kwamfuta, ta ɗauki mutum wajen miliyan 1.8, ta kuma shigo da dala biliyan 38. Mai karatu ya lura, wannan adadi ya yi kunnen doki da abin da masu cin rani suka aiko a shekarar. Da farko a manyan ofisoshi ake yin aikin. A Disamban 2018 aka sa hannu a kan dokar da ta amince da aiki daga gida, sa'an nan a Maris na 2020 kullen korona ya sa kamfanoni suka riƙa loda kwamfutoci a mota suna kai wa ma'aikata har ƙofar gida. A wannan shekarar ce kuma aka dawo da masu cin rani fiye da 300,000 waɗanda aikinsu ya mutu. A 2022 gwamnati ta nemi tilasta komawa ofis, amma ma'aikata da kamfanoni suka turje, kafin shekarar ta ƙare sai da ta buɗe musu hanyar ci gaba da aiki daga gida.

Ban da ma'aikatan kamfanoni akwai wani rukuni da ya fi jan hankalin matasa, watau 'yan jinga, waɗanda ke neman aiki da kansu a dandali irin su Upwork da OnlineJobs.ph, su yi ciniki da mai aikin kai tsaye. Wani yana riƙe wa ƙaramin kanti a Ostireliya littafin shiga da fita, wata tana amsa wa dillalin gidaje a Amurka wasiƙu tana tsara masa lokutan ganawa, wata tana koya wa ɗan Japan ko ɗan Koriya Ingilishi ta bidiyo. Su ne ake nunawa idan ana cewa zamanin fita ya wuce, kuma su ne suka sa har karin maganar nan ta zomo ba ya kamuwa daga zaune take neman ta sha ƙasa.

Lalle ne mu faɗi alherin wannan hanya ba tare da rowa ba, domin alheri ne babba. Mai aiki daga gida bai biya dillali ko anini ba, fasfonsa yana cikin akwatinsa, in ubangida ya wulakanta shi sai ya rufe kwamfuta ya nemi wani, ba mai kulle shi a ɗaki. Uwa tana ganin ɗanta ya tafi makaranta ya dawo. Kuɗin da aka samu a kasuwar lardi ake kashe shi, ba a tilasta wa kowa ya ƙaura Manila ba, birnin da hukumar raya ƙasashe ta Japan ta ƙiyasta cewa cunkoson motocinsa na jawo asarar feso biliyan 3.5 a kowace rana a 2017. Ko ta fuskar albashi ma lissafin bai munana ba. A 2006 gwamnatin Filifin ta yanka dala 400 a wata a matsayin mafi ƙarancin abin da za a biya 'yar aikin gida a waje. Wanda kuwa ya sami jingar dala 3 a awa, ya yi awa 40 a mako, zai tashi da dala 480 cikin mako huɗu, yana kwana a gadonsa. Duk wanda ya raina wannan bai san zafin rabuwa da iyali ba.

Duk da haka, ra'ayinmu shi ne masu cewa an sami magani sun yi gaggawa, kuma muna da dalilai huɗu. Na farko, a tambaya wane ne wannan hanya take ɗauka. Tana bukatar Ingilishi mai tsabta, da ilmi mai zurfi, da kwamfuta, da wutar lantarki da intanet waɗanda ba sa yankewa. Alƙaluman hukumar ƙididdiga ta ƙasar kuwa sun nuna cewa mata ne suka fi yawa cikin masu cin rani, kuma wajen huɗu cikin kowane goma aikin ƙarfi suke yi, irin su shara da wanki da reno. Ba a share ɗaki ta waya, ba a ɗaura wa majinyaci ruwa ta intanet, ba a kuma tuƙa jirgin ruwa daga tsakar gida, ga shi kuwa Filifin na sahun gaba a duniya wajen ba da ma'aikatan jiragen ruwa. Ashe wanda sabuwar hanya ta ceta shi ne mai digiri ɗan birni, wanda dama ko ya fita ba a cika taka shi ba. 'Yar ƙauyen da ta fi kowa shiga haɗari a gidan baƙo, ita har yanzu jirgin sama ne gabanta.

Dalili na biyu shi ne kariya. Mai cin rani ya sami wasu haƙƙoƙi cikin shekara 50, kuma yawancinsu sai da aka ga gawa kafin a ba da su. Hukuma tana duba kwangilarsa kafin ya tashi, akwai asusun jin daɗin ma'aikatan ƙetare, akwai jami'an ƙwadago a ofisoshin jakadanci, kuma a ƙarshen 2021 aka kafa ma'aikata sukutum domin su. Ma'aikacin cikin gida shi ma doka ta ba shi albashin wata na goma sha uku tun 1975, da ƙarin kashi 10 cikin 100 a kan aikin dare, da fansho da inshorar lafiya waɗanda ubangida ke biyan kasonsa. Ɗan jinga da ke yi wa baƙo aiki kai tsaye ya faɗa tsakanin biyun. Bai fita ba balle a lissafa shi cikin ma'aikatan ƙetare, ba shi kuma da ubangida a cikin ƙasa balle dokar ƙwadago ta kama wani dominsa. In ya yi ciwo babu albashi, in an sallame shi da saƙo guda babu sallama, in an cinye masa ladan wata babu kotun da zai kai ƙara. A 2023 Majalisar Wakilan ƙasar ta amince da shirin dokar da ya tanadar wa 'yan jinga rubutacciyar yarjejeniya da biya a kan kari, alamar su ma sun ga giɓin. Amma ko wace irin doka aka rubuta a Manila, hannunta ba ya kaiwa ga mai kantin da ke zaune a wata nahiya.

Dalili na uku ya shafi jiki da aljihu. Tsakanin Manila da New York akwai ratar awa 12 ko 13, don haka mai yi wa Ba'amurke aiki yana hawa kujera ne lokacin da unguwa ke kwanciya, ya sauka da asuba. Uwar da aka ce ta dawo gida tana nan a gida, amma barci take yi lokacin da yara suke farke. Wasu kuma aikinsu shi ne tace hotuna da bidiyo na kisa da batsa domin kada su bayyana a dandalin sada zumunta na duniya, su kwana suna kallon abin da ido bai kamata ya gani ba. Har ila yau, duk ɗawainiyar da kamfani ya saba ɗauka, ta hayar ofis da sayen na'ura da biyan wuta, ta koma kan ma'aikaci, a ƙasar da kuɗin lantarkinta na cikin mafi tsada a yankin, wadda kuma guguwar teku wajen 20 ke shiga yankinta kowace shekara. A Disamban 2021 guguwar da suka kira Odette ta bar sassan Sebu makonni babu wuta babu intanet. Wanda ba shi da janareto ko kuɗin kama ɗaki a inda ake da wuta, aikinsa ya tsaya, mai aikin kuwa ba ya jira.

Dalili na huɗu shi ne mafi nauyi a wurinmu. Mai cin rani da mai aiki daga gida duk a kasuwar wani suke talla, kuma mai kasuwa yana iya tashinta ran da ya ga dama. A Yulin 2021 gwamnatin Sin ta kafa dokokin da suka hana kamfanonin koyarwa ɗaukar malaman da ke zaune a ƙetare domin yaran makaranta, dubban 'yan Filifin masu koyar da Ingilishi suka wayi gari ɗalibansu sun ɓace, ba wanda ya shawarce su. Tun daga ƙarshen 2022 kuma ƙirƙirarriyar basira ta kwamfuta ta fara iya amsa wasiƙa da rubuta talla da sauraron koken mai saye, watau ainihin ayyukan da aka fi ba su. Ga kuma gasa da 'yan Indiya da Pakistan da Kenya da mu kanmu, kowa yana karya farashi domin ya sami shiga. A zamanin mulkin mallaka sukari da kwakwa ƙasar take fitarwa ɗanye, a sarrafa a waje a ci riba. Yau basirar 'ya'yanta take fitarwa ɗanya, akawu ya ƙare ƙuruciyarsa yana gina kamfanin da ba shi da ko sisi a cikinsa. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Saboda haka muka kira wannan abu cin rani daga zaune. Jiki ya zauna a gida, wannan kuwa ci gaba ne, amma ciwon da ya kori mutane a 1974 yana nan, watau ƙasa ba ta da isassun masana'antu da noman da za su ɗauki 'ya'yanta. A Filifin aka kafa cibiyar binciken shinkafa ta duniya a 1960, amma a 2024 ita ce ta fi kowace ƙasa sayen shinkafa daga waje, fiye da tan miliyan 4. A gwada ta da Koriya ta Kudu, wadda ita ma ta yi cin rani. Daga 1963 ta aika masu haƙar kwal zuwa Jamus ta Yamma, ta bi su da ma'aikatan jinya, a shekarun 1970 kuma ta aika magina ƙasashen Larabawa. Bambancin shi ne maginan Koriya ƙarƙashin kamfanonin ƙasarsu suka tafi, kamar Hyundai da ya sami kwangilar tashar jiragen ruwa ta Jubail a Saudiyya a 1976, don haka riba da ƙwarewa suka koma gida aka zuba su a masana'antu. A 2004 Koriya ta buɗe shirin ɗaukar ma'aikata daga waje, kuma 'yan Filifin ne suka fara sauka. Ɗaya ta ɗauki cin rani matakala, ɗaya ta mai da shi mazauni.

Abin da ya rage ga shugabannin Filifin a bayyane yake. Su kai wuta mai arha da intanet mai ƙarfi larduna, domin kada alherin ya tsaya a birane. Su shigar da 'yan jinga cikin tsarin fansho da inshorar lafiya ta hanyar da aljihunsu zai ɗauka, su kuma ba su damar kafa ƙungiyar da za ta yanka farashin da ba a sauka ƙasa da shi. Su horar da 'yan aikin gida da suka dawo, kada a bar musu zaɓi guda na sake sabunta fasfo. Mafi muhimmanci, wani kaso na dalolin da ke shigowa ta hanyoyin nan biyu ya tafi ga gona da masana'anta da kamfanoni mallakar 'yan ƙasa, domin kayan aro ba ya rufe katara.

Mu kuma 'yan'uwa ɗalibai, an ce in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Ba ɓoyayyen abu ba ne cewa da yawa daga cikinmu, tun kafin mu karɓi takardar digiri, wasu sun fara tambayar kuɗin biza, wasu kuma sun buɗe shafi a dandalin 'yan jinga. Ba mu ga laifin kowa ba, kuma wanda ya sami halin yin aiki a gaban iyayensa muna taya shi murna. Abin da muke roƙo shi ne mu shiga da idonmu a buɗe. Mu nemi yarjejeniya a rubuce, mu yi wa kanmu tanadin ranar ciwo da ranar da aikin zai yanke, mu haɗa kai kada mu riƙa karya wa juna farashi, mu kuma koyi sana'ar da zurfi har mu iya kafa namu. Sa'an nan kada mu yarda wani shugaba ya nuna mana kwamfuta ya ce ya sauke nauyin samar da aiki da ke kansa, domin 'yan Filifin ma ce musu aka yi na ɗan lokaci ne. Allah ya ba mu ikon ɗaukar darasi, amin.

Edita